Shinkafar roba: jita-jitar salula da ke karya jarin ƴan kasuwa

A da, in labarin ƙarya ya tashi daga kasuwar Maraɗi, sai ya yi kwanaki kafin motocin tasha su kai shi Damagaram ko Tawa. Yau kuwa murya ɗaya ta WhatsApp ta isa ta zagaye Yamai da Kwanni kafin azahar. Kuma mu ƴan kasuwa mu ne muke fara ɗanɗana kuɗarta.

Mu tuna zancen shinkafar roba. A watan Disamba na 2016, jami'an kwastan na Najeriya suka kama buhu 102 na shinkafa a Legas, aka ce ta roba ce. Da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta auna ta, ba ta samu roba ba. Ta dai ce shinkafar ta gurɓata, ba ta ciwuwa. Amma magana zarar bunu ce. A 2017 jita-jitar ta shiga Gana da Senegal, ana ta yawo da bidiyon dunƙulen shinkafa ana buga shi a ƙasa yana tsalle. Hukumar abinci ta Gana ita ma ta auna, ba ta ga roba ba. Danƙon dafaffiyar shinkafa ne ke sa dunƙulen tsalle. Ban da haka, roba ta fi shinkafa tsada, to wane mai ha'inci ne zai yi cinikin faɗuwa? Ku duba halin mai tuwo-tuwo da ta ci bashin buhu, masu saye suka guje ta saboda bidiyon da ba a san mai shi ba.

Wata ƙaryar har rai take ɗauka. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. Aƙalla mutum 2 suka rasu, aka kwantar da wasu da dama asibiti.

To yaya za mu gane irin waɗannan saƙonni? Galibi ba su da sunan mai magana, ba rana, ba gari. Sai dai "an ce". Suna tsoratarwa, suna matsa mana mu tura wa jama'a maza-maza. In muka ga kibiya biyu bisa saƙon WhatsApp, alama ce ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso gare mu. Sau tari ma tsohon bidiyo ne na wata ƙasa aka ɗora masa muryar Hausa.

Maganin ba wuya. Kafin mu tura, mu buga wa abokin ciniki da ke garin da aka ambata. Mu tambayi shugabannin kasuwa, mu saurari rediyo. In zancen lafiya ne, likita za a tambaya.

Kada mu manta kuma, tun 2019 Nijar na da dokar laifuffukan intanet, wadda aka ƙara tsanantawa a watan Yuni na 2024. Baza abin da zai iya tada hankalin jama'a na jawo ɗauri da tarar miliyoyin CFA, kuma "ni ma turo mini aka yi" ba hujjar dogaro ba ce.

Alhazai da uwayenmu mata na kasuwa, ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga ƙwaya. Labari ma mu riƙa yi masa haka.