Hular Jariri: Ƙaramar Aba Mai Dogon Labari

Yau kwarashi da dunƙulen ulu muka ɗauko, za mu leƙa Mallawa ta jihar Damagaram, mu ga abin da ke cikin 'yar hular nan ta da, mai rufe kunnuwa a ɗaure a haɓa.

A wannan yanki zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, amma asubahin Disamba da Janairu kan sauko ƙasa da 15. Mai jego dai sai ta ajiye mafici a dama, hula a hagu!

Yawancin ƙurar hunturun da ke toshe mana hanci daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Baƙuwa ce daga nesa, kuma kunnen jariri ba masaukinta ba ne!

Kan babban mutum kashi ɗaya ne cikin takwas na tsawonsa, na jariri kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa ɗumin jikinsa ke saurin zurarewa ta nan. Rufe kai, kin rufe rubu'in yaro!

Sabon jariri bai iya rawar ɗari kamar babba ba, wani kitse na musamman da ke bayansa da wuyansa yake ƙonawa ya ɗumama jiki. Kowace hula tanadin kitse ce, kuma tanadi ba ya ɓaci!

Maɗigar nan da ke bal-bal a tsakar kai ba ta gama rufewa sai yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗakin da ba a gama rufinsa ba, ai ya cancanci ɗan asabari!

Ranar suna, kwana 7 da haihuwa, wanzami kan sauke sumar da jariri ya zo da ita duniya, kai ya fita fes. Wanzami ya kwashe, kaka ta mayar da zare!

Idan an goya yaro an ɗaure da majanyi, jikinsa duka yana shan ɗumin bayan uwa, kai kaɗai ke leƙe a waje. Shi ke gadin ƙofa, shi ya fi buƙatar kayan aiki!

Saƙar hular da ba ta da wuya: a saƙa ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda zai taso daga wannan kunne ya bi tsakar kai ya sauka a wancan, a ninka shi biyu, a ɗinke ƙeya, a sa igiya. Tsinin nan na sama da kansa yake fitowa, gyara ce daga ninki!

Kewayen kan sabon jariri wajen santimita 35 ne, kafin ya cika shekara ya doshi 46. Tsofaffi ba su neman awon tela, da taƙi suke aunawa, su ƙara yatsa biyu saboda gobe!

Tun kafin ulu ya shigo kasuwanninmu, Bahaushe yana da haɓar-kada, hular ƙyalle mai leɓe biyu da ake saukewa kan kunnuwa. Yarabawa na da irinta, suna ce mata kunnen kare: mu dai kada muka zaɓa!

Sunan kwarashi daga kalmar Faransanci ya samo asali, ma'anarta 'yar ƙugiya, ulu kuma daga Ingilishi muka aro shi. Sunaye na baƙi, gwaninta ta matan gida!

Tumakinmu irin uda da balami gashi gare su, ba sa ba da ulun saƙa, kuma yawancin zaren da ke kasuwa yau daga sinadaran man fetur ake yin sa. Don haka a nisanta hula da kaskon wuta, wannan zare narkewa yake yi!

Daga cikin saƙar tsinke mafi tsufa da aka tono a duniya akwai safunan da aka samu a Masar, na wajen shekaru 1,000 da suka wuce, na auduga, fari da shuni. Duk wanda ya san marina ya san wannan launi!

Akwai wata hula mai rufe kai da wuya ta bar fuska, a Turai ana kiranta da sunan garin Balakalaba, inda sanyi ya gasa wa sojojin Ingila aya a hannu a yaƙin Kirimiya a 1854. Abin da jarumi ya nema, jinjiri ma ya samu!

A birnin Bogota na Kwalambiya, a 1978, aka fara renon bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, daga shi sai ƙunzugu da hula, ana kiran salon da sunan dabbar kangaru. Komai aka tuɓe, hula na nan daram!

Mai dabara kan sayi tsohuwar rigar sanyi a gwanjo, ta warware zaren, ta wanke, ta fitar da hula da safa har da tuntu. Da tsohuwar zuma ake magani!

Hula ɗaya kan bi 'ya'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, daga ɗan fari har auta, wani lokaci ta tsallaka katanga zuwa maƙwabta. Ɗa na kowa ne, hularsa ma haka!

Iyaye mata, ga saƙonmu gare ku: igiyar haɓa ta zama gajera, a ɗaure ta yadda yatsa biyu za su shige. A cire hular idan an kwantar da yaro barci a ɗaki ko rana ta ɗaga, a wanke ta a kai a kai, sannan a zaunar da 'yan mata a koya musu riƙon kwarashi tun kafin sanyi ya sauko.