Masu Bin Salsala a Tsoffin Takardu

A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai mutanen da sana'arsu ita ce nemo wa wani kakansa. Galibi waɗanda suka karanta tarihi ne, suka san kan fayil kamar yadda ɗan kasuwa ya san rumfuna. Mai buƙata kan zo da dalilinsa: rigimar gona, neman sarautar dagaci, ko son sanin inda gidansu ya taso.

Wahalar daga sunan take farawa. Bahaushe ba shi da sunan gida ɗaya da ake gada kaka da kakanni. Musa ɗan Audu ya haifi Sani, a kira shi Sani Musa, Audu ya faɗi ke nan. Makarantar boko kuma ta liƙa wa yara sunan garinsu, shi ya sa muka san Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don haka gwanin aikin ba ya taɓa takarda sai ya zauna da dattawan gidan. Wane ne uban wane? Mene ne laƙabinsa? Marini ne ko maƙeri? A wace unguwa, kuma zamanin wane hakimi?

Daga nan sai fayilolin larduna, irin su KANOPROF da SOKPROF, da rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an mulkin mallaka suka rubuta, da littattafan gundumomi masu jerin hakimai da dagatai. Nan ana buƙatar kunne, domin Bature yadda ya ji suna haka yake rubuta shi, mutum ɗaya ya fito da rubutu iri uku. Ɗan sarauta ba ya wuyar samu. Talaka kuwa da kyar yake shiga takarda, sai in shari'a ta kai shi.

Saboda haka, a ganina, wanda bai iya karatun Larabci ba rabin sana'ar yake yi. Littattafan kotunan alƙalai da Larabci aka rubuta su, kuma shari'ar gado tana kawo mamaci da matansa da 'ya'yansa a shafi ɗaya, har da gonar da aka raba. Masanin tarihi Allan Christelow ya buga wasu hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, kuma duk wanda ya duba su zai ga talakawan Kano da sunayensu, suna ƙarar juna kan gida da gona.

Akwai kuma abin da ke sa mai wannan aiki ya yi shiru kafin ya buɗe baki. Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma bauta ba ta ƙare a doka a Arewa ba sai 1936. A tsakani, kotuna sun yi ta rubuta sunayen bayin da aka 'yanta ko suka fanshi kansu. Wani ya zo neman jinin sarauta, sai a tarar da kakarsa a wannan jerin. Magana ce da ke iya fasa aure har yau, ko da yake bai kamata ba. Mai amana ba ya ɓoye ta, ba ya kuma ƙera wata salsala don a ƙara masa kuɗi. Yakan keɓe da wanda ya sa shi aikin, ya nuna masa lambar fayil da shafin, ya bar masa shawarar wanda zai gaya wa a gida.