Abin da Ɗalibi Zai Kai wa Malami Kafin a Rubuta Masa Wasiƙar Shaida

A Amurka, sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya wadatar da mai neman gurbi a manyan jami'o'i. Da yawansu suna son su ji ta bakin malamin da ya koyar da ɗalibin a aji, don haka sukan nemi wasiƙa ɗaya ko biyu daga malamai, da wata daga jami'in ba da shawara na makarantar. Kowace jami'a da nata sharaɗin. MIT tana son wasiƙa ɗaya daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya kuma daga malamin harshe, tarihi ko makamantansu. Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta neman wasiƙa a lokacin cike fom.

Ɗalibai da yawa suna bi ta manhajar Common App, wadda aka faro tsarinta a 1975, kuma yau jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da ita. Ɗalibi zai saka sunan malami da adireshin imel ɗinsa, saƙo ya isa ga malamin, shi kuma ya ɗora wasiƙar da hannunsa. Kafin nan akwai wata tambaya da ta samo asali daga dokar FERPA ta 1974: ka yafe haƙƙinka na karanta wasiƙar ko ba ka yafe ba? Gara a yafe. Masu tantancewa sun fi amincewa da shaidar da aka bayar a bayan idon mai ita.

To, ina aikin ɗalibi? Malami ɗaya kan koyar da yara fiye da ɗari a shekara, kuma wataƙila ashirin daga cikinsu sun roƙe shi wasiƙa. Idan ka je masa hannu rabbana, abin da zai rubuta bai wuce "yaro ne mai ladabi da ƙwazo" ba, kalmomin da za su dace da kowa. Sai ka haɗa masa 'yar takarda, shafi ɗaya ko biyu. Ka rubuta jami'o'in da kake nema da ranar rufe kowacce, da fannin da kake son karanta da dalilinka. Ka liƙa kwafin aikin da ka yi a ajinsa, wanda jan bironsa ke jiki. Sannan ka tuna masa abubuwan da suka faru: ranar da gwajin kimiyya ya ƙi fitowa ka dawo bayan an tashi ka sake shi, ko zangon da makinka ya faɗi saboda jinyar mahaifiyarka, daga baya ka farfaɗo. Irin wannan ne ke sa mai karatu ya ajiye wasiƙa ya sake ɗauka. Jerin kyaututtuka da ƙungiyoyi kuwa ba sai an cika malami da su ba, suna da gurbinsu a fom.

Batun lokaci gajere ne. Neman gurbi da wuri yakan rufe 1 ko 15 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu. Ɗaliban can kan roƙi malaman aji na 11 tun kafin hutun bazara. Ba malami wata guda kafin ranar rufewa shi ne mafi ƙarancin ladabi.

Ɗalibanmu da suka saba da JAMB, inda ba a neman irin wannan wasiƙa, sukan garzaya wajen shugaban makaranta ko wani babba mai muƙami, a buga musu hatimi a kan layi huɗu na yabo. A ganina wannan asara ce. Malamin Kimiyyar sinadarai da ya san rubutun hannunka ya fi maka amfani, ko da bai taɓa jin sunan Common App ba. Ka zauna da shi, ka nuna masa yadda ake ɗorawa, ka tabbatar imel ɗin da ya ba ka yana buɗe shi.