Aikatau na Bayarwa a Harshen Sifaniyanci

Abin da za mu duba a wannan lacca shi ne aikatau ɗin nan "dar" na Sifaniyanci, mai ma'anar bayarwa, wanda ya samo asali daga "dare" ta Latinanci. Za mu tsaya ga lokacin yanzu kaɗai, wanda a wannan harshe yakan ɗauki ma'anar "ina bayarwa" da ta "nakan bayar" duka biyu.

A Hausa lamirin da ya gabaci aikatau shi ke nuna mai aikin. Sifaniyanci kuwa a ƙarshen kalma yake sa alamar, kamar haka: doy (ni), das (kai ko ke), da (shi ko ita), damos (mu), dais (ku), dan (su). Biyar daga cikinsu sun bi ƙa'ida; "doy" ce ta saɓa. A tsohon harshen "do" ake cewa, daga baya aka ƙara mata "y", kamar yadda aka yi wa soy da estoy da voy. Ita "dais" a Sifen ake jin ta. Mutanen Meziko da Ajantina da maƙwabtansu "ustedes dan" suke faɗa. In kuma za a girmama mutum, sai a ce "usted da".

To, inda ɗalibi ya kamata ya yi hattara shi ne wajen mai karɓa. Mu mukan kawo shi bayan aikatau, su kuwa kafinsa: me, te, le, nos, os, les. "Te doy el dinero" na nufin ina ba ka kuɗin. "Me das el dinero" kuwa, kana ba ni kuɗin. Ashe ɗan kuskure kaɗan ya isa ya mai da mai bin bashi wanda ake bi. Haka kuma "le" takan koma "se" in ta haɗu da "lo": "se lo doy", wato ina ba shi shi.

A nan ne Bahaushe yake da rabo babba, domin harsunan biyu sun yi tarayya wajen ba da abin da hannu ba ya riƙewa. "Me da miedo" daidai take da yana ba ni tsoro, "me da risa" yana ba ni dariya, "me da vergüenza" yana ba ni kunya. Sai dai kamar ba ta kai ko'ina ba: godiya mu yin ta muke yi, su kuwa ba da ita suke, "doy las gracias". Saboda haka mai koyo ya auna kowace magana da Hausarsa, ya ware wadda ta dace da wadda ta saɓa, sa'an nan ya haddace ta biyun.