Wa Ya Kamata A Bari Ya Shiga Cibiyar Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura zuwa Damagaram ya san Kongolam, inda ake tsai da mota a bakin iyaka. Direba ya kan sauko ya miƙa takardunsa, ma'aikaci ya duba, ya buga hatimi, sa'an nan a ɗaga masa ƙarfe. Ba mu taɓa jin an ce da direba ya shigo ofis ya ɗauki littafin kwastan ya rubuta kayansa da hannunsa ba, kome amincinsa kuwa.

To, haka al'amarin ya ke a cikin kwamfuta. Akwai wata babbar manhaja da ke zaune can ciki, Turawa na ce mata kanel, watau ƙwayar cikin ƙwallo, mu kuwa bari mu kira ta cibiya. Ita ke raba wa kowace manhaja wurin ajiya da lokacin aiki, ita kaɗai ke taɓa faifai da allo. Sauran manhajoji sai su tsaya a taga su roƙa, kamar yadda malami ke kai boca ga Ma'aji, ba ya kutsa kai baitulmali. In manhajar waje ta yi kuskure, ita kaɗai za ta mutu. In wadda ke cikin cibiya ta yi, na'urar duka ta tsaya cik.

Duniya ta ga haka ran Jumma'a 19 ga Yuli, 2024. Wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike, wanda aikinsa tsaron kwamfutoci ne daga ɓarayin intanet, ya aika da wani ɗan gyara ga manhajarsa Falcon, wadda ke aiki a cikin cibiyar Windows. Ashe gyaran da kuskure. Kafin awa ɗaya da rabi an janye shi, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 suka faɗi, bai ma kai ɗaya bisa ɗari na masu Windows ba, sai dai su ne na asibitoci da bankuna da filayen jirgin sama. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000. Abin takaici, da yawa sai da mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, don na'urar da ta kasa tashi ba ta karɓar gyara daga nesa.

Masu son a bar ƙofa a buɗe lalle suna da hujja. Sun ce ɓarawon da ya riga ya shige cibiya ba ya ganuwa ga mai gadin da aka bari a waje. Microsoft kuma ya ce wata yarjejeniya da ya yi da Hukumar Tarayyar Turai a 2009 ita ta tilasta shi ya ba abokan gasarsa irin damar da ya ba kansa. Apple kuwa tun 2020 ya himmatu ga fid da irin waɗannan manhajoji daga cibiyarsa, ya buɗe musu taga.

Mu dai hanyar masu Linux ta fi kwanta mana. Tun 2014 suka shigo da wata dabara, eBPF, wadda ke barin baƙo ya aika da ɗan ƙaramin aiki cikin cibiya, amma sai wani mai bincike ya bi shi layi layi, ya tabbata ba zai taɓa abin da ba nasa ba, ba kuma zai yi ta juyawa ba iyaka. Mai binciken nan ma ɗan Adam ne ya rubuta shi, an kuwa sha kama shi da kuskure, amma gyaran ƙofa ɗaya ya fi sauƙi a kan gyaran ɗari.

Yanzu da aikin kwastan da albashi da jarrabawa suka koma kan kwamfuta, akawun da ke riƙe da na'urori goma ya roƙi mai kula da su kada a sa musu sabon gyara rana ɗaya. A fara da guda, a kwana, a ga abin da ya faru, littafin takarda kuma a bar shi kusa a cikin durowa.