MASANAN KIMIYYA DA NEMAN ASALI GUDA

Shekaru kusan dubu biyu masanan Turai suna riƙe da koyarwar Aristotal, cewa sararin sama da abin da ke cikinsa ba irin halittar ƙasa ba ne, kowanne da tasa doka. Da Galileo na ƙasar Italiya ya ɗaga madubin hangen nesa cikin 1609, sai ya hango duwatsu da kwazazzabai a kan wata, tamkar na duniyarmu. Tun daga nan katangar ta fara tsagewa.

Isaac Newton na Ingila shi ya ƙarasa rushe ta cikin 1687. Ya nuna da lissafi cewa ƙarfin nan da ke jawo ɗan itace ya faɗo ƙasa, shi ne dai ke riƙe da wata yana kewaya duniya, shi ne kuma ke sa teku ta cika ta janye. Abu uku da ake ɗauka ba su haɗa hanya ba, ashe doka guda ke tafiyar da su.

Haka aka sake yi da lantarki da maganaɗisu. Cikin 1820 Oersted ya lura allurar kamfas tana karkacewa in an kusantar da ita ga wayar da lantarki ke bi. Maxwell, mutumin Sikotilan, ya ɗinke su cikin 1865, kuma lissafinsa ya ba da wata igiya mai gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, watau daidai gudun haske. Haske ma ɗan gidan ne ke nan. Rediyon da ake saurara a kowane zaure daga wannan lissafi ya samo tushe.

Abdus Salam na Pakistan da Amurkawa biyu, Glashow da Weinberg, sun sami kyautar Nobel cikin 1979 don haɗa wannan ƙarfi da wani mai rauni da ke aiki cikin ƙwayar zarra, aka kuwa tabbatar da maganarsu a Janeba cikin 1983.

To, amma fa tafiya ba ta ƙare ba. Ƙarfin da Newton ya fara bayyanawa, wanda ya buɗe ƙofar duka, shi ne ya ƙi shiga sahu. Einstein ya shafe kusan shekara talatin yana neman haɗa shi da lantarki, ya rasu cikin 1955 bai gama ba, kuma har yau ba wanda ya ƙarasa aikin.