Matsalar Dacewar Kayan Gyara Tsakanin Tsohuwa da Sabuwar Uwar Bindiga: Misali Daga Bindigar FAL

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa bindigogi biyu masu suna ɗaya, masu cin harsashi iri ɗaya, sukan ƙi karɓar kayan juna. Za mu taƙaita bayani a kan bindiga mai ɗura kanta, watau wadda ke fitar da harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama, sannan ta tofar da kwanso ta ɗura wani da kanta. Abin da muke nufi da "uwar bindiga" kuwa shi ne ƙarfen nan na tsakiya wanda ake ɗaura bututu a jikinsa, sakata ke kai da komowa a cikinsa, gidan harsashi kuma ya maƙale a ƙarƙashinsa. Duk sauran sassa da awonta ake ƙera su.

Mun zaɓi bindigar FAL ne saboda tarihinta ya tattara kusan dukkan fuskokin matsalar, ga shi kuma ba baƙuwa ba ce ga sojojin Nijeriya.

Suna ɗaya, awo biyu

Dieudonné Saive ne ya tsara FAL a masana'antar FN da ke Herstal, ƙasar Beljiyam, aka kuma daidaita ta da harsashi mai awon milimita 7.62 da 51, wanda ƙungiyar NATO ta amince da shi a 1954. Zanen asali da milimita aka yi shi. To, amma da Kanada da Ingila da Ostareliya suka ɗauki bindigar, injinan masana'antunsu da ma'aunansu duk da inci suke aiki. Saboda haka sai aka sake zanen da inci, aka sami abin da Ingila ta kira L1A1, Kanada kuma ta kira C1.

Mai karatu zai iya cewa ai inci ɗaya milimita 25.4 ne, me zai hana a juya lissafi kawai a huta? Amsa ita ce, babu ƙarfen da ake yankawa daidai cif da abin da ke kan takarda. Kowane awo yana da ɗan sassauci da aka yarje masa, sama ko ƙasa, kuma idan aka juya zane zuwa wani ma'auni, wannan sassauci ma sai an sake tsara shi. Bugu da ƙari, masu juya zanen ba juyi kaɗai suka yi ba. Sun sauya zaren sukurori da dama zuwa irin nasu, sun yi wa hannun ɗana bindiga gaɓa don ya riƙa naɗewa, sun kuma yi wa abin da ke ɗauke da sakata tsage-tsage domin yashi ya sami wurin taruwa. Mafi girma duka, L1A1 an taƙaita ta ga harbi ɗaya-ɗaya, alhali kuwa yawancin FAL na milimita suna iya ɓarin wuta.

Gidan harsashi shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Na inci yana da ƙaton haƙori a gabansa, an kuma yanka masa gurbi mai faɗi a jikin uwa. Na milimita kuwa ɗan tsinin baki ne ƙarami. Sakamakon haka, gidan harsashi na milimita yakan shiga uwa ta inci, ko da yake yakan yi lako-lako, amma na inci ba ya shiga uwa ta milimita sam. Watau dacewar ta fuska ɗaya ce. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982, sojan Ingila na riƙe da L1A1, na Ajantina kuma na riƙe da FAL ta milimita. Harsashin kowane ɓangare yana aiki a bindigar ɗayan, amma gidan harsashin Ingila ba zai shiga bindigar Ajantina ba.

Indiya ma ta ƙera tata, mai suna 1A1, a masana'antar Ishapore, ba da lasisin FN ba, ta hanyar auna bindigogin da ke hannunta. Abin da ya fito bai zama na inci zalla ba, bai kuma zama na milimita zalla ba.

Tsohuwa da sabuwa a gida ɗaya

Ko a cikin dangin milimita ma uwar ta sauya sau biyu. Samfuri na farko an rage masa nama a wurare da yawa don kada ya yi nauyi. Na biyu, wanda ya fito a 1962, an ƙara masa ƙarfi ta baya. Na uku, na 1973, an rage masa yawan yanka don sauƙin kuɗin ƙira, sai ya ɗan fi nauyi. Abin lura a nan shi ne, sauye-sauyen nan galibi siffar waje suka taɓa, ba wuraren da sassa ke haɗuwa ba, don haka kayan tsohuwa sukan zauna a sabuwa. A ganina wannan shi ne kyakkyawan tsarin injiniya: a gyara abin da za a gyara, a ƙyale mahaɗa yadda take.

Shiga daban, dacewa daban

A nan ne haɗarin yake, kuma nan ne ya kamata mu daɗe. Idan sakata ta kulle a bayan harsashi, akwai tazara tsakanin fuskarta da wurin da kafaɗar kwanso ke tokarewa a cikin bututu. Wannan tazara ba ido ke ganin ta ba, domin bambancin da ke tsakanin lafiya da haɗari bai wuce kaurin 'yan silin gashi ba. Idan ta yi kaɗan, sakata ba za ta kulle sosai ba. Idan ta yi yawa, kwanson tagulla zai miƙe lokacin harbi, yana iya tsagewa, iskar gas mai tsananin zafi ta kuɓuce kusa da fuskar mai harbi.

Masu tsara FAL sun san cewa ba za a taɓa samun uwa da bututu da sakata su zo daidai kullum ba. Don haka suka sa wani ɗan ƙarfe a gicciye cikin uwa, wanda sakata ke jingina da shi idan ta kulle, suka kuma ƙera shi kauri daban-daban. Ma'aikacin ɗakin makamai shi ke zaɓen wanda ya dace da kowace bindiga, bayan ya gwada da ma'auni na musamman. Ma'anar wannan ita ce, kowace bindiga an daidaita ta ne ita kaɗai. Sakatar da aka ciro daga wata bindiga za ta iya shiga, ta yi motsi sumul, a ja ta a saki ba gargada, amma tazarar ta riga ta sauya. Tsufa ma yana da nasa rabo, domin uwar da ta yi shekaru ana harbi da ita ta ci a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe, awonta na yau ba shi ne na ranar da ta fito daga masana'anta ba.

Hatta ɗaura bututu ya bambanta. A tsarin inci ana sa washa mai kauri iri-iri tsakanin bututu da uwa domin ya tsaya a miƙe idan an ɗaure, a tsarin milimita kuwa kafaɗar bututun ce da kanta ake daidaitawa. Wanda ya koyi aiki a kan ɗaya, ba lalle ne ya iya ɗayan ba sai an sake koya masa.

Wannan ya shafi duk rundunar da ta sayi makamai daga wurare daban-daban a lokuta daban-daban. Rajistar da ta rubuta "FAL" kawai ba ta wadatar ba. Wajibi ne ta nuna ƙasar ƙira, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da samfurin uwar, a kuma ware kayan gyaran kowane dangi a akwatinsa. Ingila ta fara maye gurbin L1A1 da SA80 daga 1985, tsofaffin bindigoginta da kayan gyaransu kuwa da yawa sun bazu zuwa wasu ƙasashe, inda suka tarar da 'yan'uwansu na milimita a ɗakunan ajiya guda.